Ranar da Na Bar Baƙuwata da Kwanon Tuwo

Wata uku na yi a Jamus ban yi hira da kowa ba in ban da maigidana, shi kuwa ba hira ta kai shi ba, karatu ya je yi. Da sassafe zai saɓa jaka ya fice, sai yamma liƙis ya dawo ido jajir. In na tambaye shi labarin gari ya ce, "Lafiya lau." Labarin ke nan gaba ɗaya. Ni kuwa a Yelwa na tashi, a gidan da ake bandar kifi, inda kafin ki wanke fuska mata uku sun shigo, ɗaya aron turmi, ɗaya ɗibar wuta, ta ukun ba abin da ya kawo ta sai labarin kasuwar Wara. Bakina bai taɓa sanin hutu ba sai da na haye jirgi.

Gidan da muka kama bene ne mai hawa huɗu, mu a na uku. Kowace ƙofa a rufe ruf, ko kukan jariri ba ka ji. In na haɗu da wani a matakala sai in gyara tsayuwa in fara gaisuwa kamar yadda aka koya mini, amma kafin in kai ga tambayar mutanen gida, mutumin ya jefo kalma ɗaya ya kai bakin mota. Ranar Lahadi kantuna duk a kulle, sai ka ce an yi rasuwa a garin. Na yi shara har ta gaji da ni, na wanke abin da ba shi da datti, na kira Inna a waya har ta fara cewa in bari ta juya kifinta kada ya ƙone. Rannan dai na tare maigida na gaya masa gaskiyata: in sanyin nan ya wuce ban sami ko mutum ɗaya da zan zauna mu yi magana ba, Yelwa zan koma, ya same ni can in ya gama. Ba wasa nake ba, shi ma ya san ba wasa nake ba.

Wurin zubar da shara na gamu da wata tsohuwa. A can shara ma karatu ce, kowane iri da mazubinsa, takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban. Ina tsaye da ledata ina kallon mazuban nan na rasa wanda zan buɗe, sai ga wata doguwar tsohuwa mai farin gashi fat. Ta karɓi ledar daga hannuna, ta kwance, ta shiga rarrabawa tana nuna mini. Kunya ta kama ni, don ƙayar kifi ce ta fi yawa a ciki. Ashe ita ce mai ƙofar da ke kallon tamu. Tana jin Turanci kaɗan, ni ma ina da ɗan na sakandare, muka lallaɓa har hawa na uku. Daga ranar in mun haɗu takan tsaya, har ta yi murmushi. Na ce a raina, wannan ba zan bari ta kuɓuce mini ba.

Maigida ya ce in gayyace ta cin abinci, amma fa sai na sa mata rana da lokaci. Na ce, "Malam, maƙwabciya ce fa, taku uku tsakaninmu. Sai ka ce ɗaurin aure?" Ya ce haka ake yi. Na je na ƙwanƙwasa na ce Laraba, ƙarfe ɗaya. Wallahi sai da matar nan ta ɗauko wani ɗan littafi ta rubuta.

Ranar Laraba tun da safe nake kan ƙafa. Na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi, na kaɗa miyar kuka da daddawar da na taho da su daga gida, na sa kifi ɗanye manya-manyan yanka. Barkono ma rabin abin da na saba na zuba, don tausayi. Ƙarfe ɗaya daidai, ko minti bai gota ba, na ji ƙararrawa. Ta sha ado, riga shuɗiya, gashi a gyare, ga furanni a hannu ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na rasa inda ake kai su, na ɗora bisa firji kusa da albasa.

Na zaunar da ita a falo, na jera mata komai a tebur, tuwo da miya da ruwan sha da cokali, har da ruwan wanke hannu ko za ta so gwada irin namu. Na buɗe kwano na ce, "Bismillah, Mama." Sannan na yi abin da duk ɗiyar kirki za ta yi, na fice na ja mata ƙofa.

A gidanmu ba a tsare baƙo da ido yana cin abinci. In fataken shinkafa sun zo daga Shanga, mukan ajiye musu kwano a zaure mu ɓace, su ci su ƙoshi ba mai ƙirga musu loma. Na sha ranƙwashi wurin Inna tun ina ƙarama a kan tsayawa kan baƙo. Saboda haka na samu kujera a kicin na zauna ina jin daɗin kaina, ina cewa yau tsohuwar nan za ta san ta zo gidan masu tarbiyya.

Shiru. Na kasa kunne, ko ƙarar cokali babu. Na ce wataƙila da hannu take ci. Bayan kamar minti ashirin na leƙa ta kafar ƙofa. Tana zaune ƙyam, hannu biyu a kan cinya, tuwo na kallonta tana kallon bango. Na ce kunya ce, bari in ƙara ba ta wuri, na koma na zauna. Da na sake leƙowa ban ga an taɓa komai ba, sai raina ya fara ɓaci. Wato yauƙin miyata take ƙyama? Ni da na yini a kan ƙafa? Ina cikin wannan saƙe-saƙen na ji motsin kujera. Na fito na tarar ta miƙe da jakarta a hannu. Ta ce ta gode, muryarta can ƙasa, ta buɗe ƙofa ta shige nata ɗakin. Ko rakiya ban samu na yi mata ba.

Na yi kuka ranar, kukan haushi. Na kira Inna na zayyana mata komai.

"Hala gishiri kinka cika," in ji Inna.

"Inna, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba."

"To ko tsaye kinka yi bisa kanta? Na san halinki."

"Wallahi wuri na ba ta, har ƙofa na ja."

"To ke kin yi naki, ɗiyata. Wagga mata ba ta da rabo, ki ci tuwonki."

Da maigida ya dawo na sake kwashe labarin daga farko, ina jiran ya taya ni faɗa. Ina kaiwa wurin jan ƙofa sai ya dafe kai. "Ita kaɗai kika bari? Tun daga farko har ƙarshe?" Na ce to da, a kanta zan zauna? Ya ce a nan in ka gayyaci mutum tare kuke zama ku ci, baƙo ba ya ɗaga cokali sai mai gida ya ɗaga nasa. Nan fa na juya kansa. Ya iya gaya mini zancen rana da lokaci, amma wannan babba ya bar shi a cikinsa? Ya ce ai bai zaci sai an faɗa ba. Ya ce in je in yi mata bayani. Na ce ba inda za ni, ni ma an wulaƙanta mini tuwo. Gaskiyar magana kunya ce ta hana ni, ban san da wane Turancin zan fara ba.

Mako biyu muka yi ni da tsohuwar, in mun haɗu a matakala sai dai a kaɗa kai a wuce. Murmushin nan ya tafi. Na koma zaman taga ina ƙirga motoci, na fara tambayar maigida yadda ake neman tikitin jirgi. Shi ma ya daina cewa lafiya lau, ya koma kallona kawai.

Sai wata safiya na ga an turo kati ta ƙarƙashin ƙofa. Da ƙyar na haɗa haruffan, gayyata ce, Laraba, ƙarfe ɗaya. Daga baya na ji ashe ta tare maigida a matakala ta tambaye shi abin da ba ma ci. Ranar Larabar ko karyawa ban yi ba don zumuɗi. Na ɗaura atamfata mai kyau, na tsaya bayan ƙofarmu ina kallon agogo, yana bugawa na tsallaka.

Ɗakinta tsaf-tsaf, hotuna a bango, wani ɗan rediyo a gefen tebur. Ta jera faranti biyu suna fuskantar juna, ta kawo kifi gasasshe da dankali yana tururi. Ƙamshi ya daki hancina, cikina ya amsa. Ta ɗauki babban cokali ta ce ta zuba mini? Ni kuma bakina, wanda ba ya shawara da ni, ya ce, "A'a Mama, na gode, na ƙoshi."

Kowa a Yelwa ya san wannan ba magana ba ce. Za a ce haba ki taɓa, ki ce wallahi yanzu na ci, a ce ko loma ɗaya, sai a karo na uku ki sa hannu kina cewa don dai kin matsa. Ina zaune ina jiran karo na biyu. Tsohuwar nan ta dube ni, ta ajiye cokalin, ta ɗauke farantina ta mayar cikin kabad. Inna lillahi! Ina ji ina gani kifi ya yi nisa da ni.

Ta dawo ta zauna, ba ta zuba wa kanta ba. Ta daɗe tana gyara cokali mai yatsu a gefen farantinta, sannan ta ɗago ta ce, a hankali don in gane, "Ba kya son cin abinci tare da ni ne? Ki gaya mini, ba zan ji haushi ba."

Ai sai Turancin da nake ta ɓoyo ya ɓalle, daidai da ba daidai ba. Na yi da baki, na yi da hannu. Na tashi na nuna mata yadda ake ajiye wa baƙo kwano a gudu, na nuna mata ranƙwashin Inna a kaina, na ƙirga mata da yatsu sau nawa ake cewa an ƙoshi kafin a ci. Ta saki baki tana kallona. Da ta gane a kicin nake zaune rannan ina jiran ta cinye, sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tana riƙe tebur, ni ma na biye mata.

Da dariyar ta lafa ta cire tabarau ta goge ido. Ta nuna kujerar da nake kai ta ce ta mijinta ce, shekara huɗu ke nan da rasuwarsa. Ɗansu yana wani gari mai nisa, sai waya. Tun daga lokacin a teburin nan take ci ita kaɗai, ta kunna rediyo don ta ji muryar mutum. Ta ce ranar da na gayyace ta har wurin gyaran gashi ta je, don ranar ce za ta fara cin abinci da wani. Ta zauna tana jiran in shigo in ja kujera, har tuwon ya huce.

Ni da nake kukan ba ni da kowa wata uku, na ɗauki mai shekara huɗu na rufe ta a ɗaki da kwano. Na ce, "Mama, dawo da farantin nan. Ƙarya nake yi, yunwa nake ji kamar in mutu."

Ta dawo da shi ta cika. Dankalin ko ƙwayar barkono babu, ga ta zaune gabana tana kallon kowace loma, ga wuƙa da cokali mai yatsu suna ta kuɓuce mini. Na daure na ci, na miƙa faranti aka ƙara. Ba mu tashi daga teburin ba sai bayan la'asar.

Da yamma maigida ya shigo yana murna, wai ya samo wanda zai taya ni neman tikiti mai sauƙi in har na dage sai na tafi. Na ce ya bar zancen tukuna. Ya tsaya da jaka a kafaɗa ya ce me ya faru kuma. Na ce, "In na tafi, wa zai ci abinci da ita ranar Laraba?"