Malam Jelani, Mai Tambayar Wa Zai Sauka Ƙarshe

Kafin masu shayi su gama hura wuta a Ƙofar Kware, Malam Jelani ya riga ya jawo bencinsa gindin dogon yaro ya zauna. Daga masallaci yake wucewa, ba ya komawa gida. Ɗan kamasho ne a tashar keke napep, aikinsa kiran fasinja da cika keke bisa layi. Sauran abokan aikinsa duk wanda ya zo turawa suke yi ciki. Shi kuwa sai ya tambayi kowa inda zai sauka, sannan ya ƙare wa mai keken kallo kamar yau ya fara ganinsa.

Ba mutum ne mai saurin yarda ba. In ka cika yi masa fara'a, sai ya tsaya tunanin abin da kake nema. Mai keken da ya zo da jajayen idanu da sassafe, sai ya sa shi ya sauko su gaisa, ya riƙe hannunsa yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har ya ji yadda harshensa ke fita.

Amma abin da aka fi saninsa da shi doka ce guda, wadda ba ƙungiya ce ta kafa ba: ɗan makaranta ba ya zama na ƙarshen sauka. Dole a samu babba a ciki, an fi son mace, wanda tafiyarsa ta wuce ta yaron. In babu, ko keken ya jira, ko yaron ya zauna bisa benci. Masu keke ba su taɓa son wannan tsari ba, don yana cin lokacinsu. Sun kai ƙararsa wurin shugabannin ƙungiya, aka kira shi aka ja masa kunne, washegari ya dawo ya ci gaba.

Akwai wani Sirajo, ɗaya daga cikin tsofaffin masu keken tashar, wanda kullum sai ya tsokane shi.

"Baba, wai mu ɓarayin yara na?"

"Ban ce ba."

"To mi ka hana in tahi? Tun ina saurayi muke tare."

"Nan gindin icce muke tare," in ji Malam Jelani. "In ka sha kwana, kai ɗai kake."

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ga ɗiyata Khaula, ranar da za ta rubuta jarrabawar kammala sakandare a Minanata. Ba na wurin. Hajjo mai masa, wadda tandarta ke kusa da bencin, ita ta ba ni labari, wasu kuma suka tabbatar.

Khaula ta iso tashar ta tarar duk kekunan layi sun fita. Tana tsaye tana duba hanya sai ga wani sabon keke ya tsaya, fenti fes, da tambarin ƙungiya a gaba. Mai keken da tsabta, da iya gaisuwa. Maza biyu na zaune a ciki, suka ce Tudun Wada za su sauka, tun kafin a kai Minanata. Har ta sa ƙafa, sai ta ji murya daga bayanta.

"Sauko, ɗiyata. In waɗanga sun sauka, wa ka saura da ke?"

"Baba, jarrabawa gare ni. In na makara shekara guda ta tafi."

Mai keken ya yi murmushi. "Haba Baba, ni ma uba ne. Ko kyauta sai in kai ta."

"Wa yat tambaye ka kyauta?" in ji tsohon. Ya zagaya keken a hankali, ya shafa tambarin da yatsa. "Wane reshe kake?"

Ya faɗi sunan wani reshe mai nisa. Ba abin da za a kama a maganarsa. Khaula ta fara hawaye, mutane suka fara taruwa. Wani ya ce tsohon nan zai kashe wa yarinya karatu a kan zargin banza. Malam Jelani ya ji. Hajjo ta ce shi kansa ya san in yarinyar ta rasa jarrabawar nan, shi za a ɗora wa, kuma ba shi da hujjar da zai nuna wa ubanta. Duk da haka ya riƙe ƙarfen keken, bai saki ba.

Ana cikin haka Malama Martha ta iso, malamar firamare ce da ke sauka Tudun Wada kullum.

"Malama, taimako nike so. Yau ki wuce wurinki, ki kai yarinyar ga bakin ƙohwar makaranta."

"Baba, kai za ka je ka yi wa shugabarmu bayani?" Ta dubi Khaula, ta dubi mazan biyu, ta gyara jakarta ta shiga. "Zo, 'yata, zauna kusa da ni."

Nan take mai keken ya leƙa gabansa, ya ce ai ya manta, mansa ba zai kai Minanata ba. Ya roƙi matan su sauka. Suna sauka ya ja kekensa da mazan biyu, ko sallama babu. Ba a sake ganinsa a Ƙofar Kware ba.

Sirajo ne ya dawo daga lodin farko ya kwashe su, kuma ranar bai yi tsokana ba. Khaula ta shiga aji ana raba takardu.

Har yau ba wanda ya san ko wane ne mutumin. Wataƙila da gaske mansa ne ya yi ƙasa. Da na je yi wa Malam Jelani godiya na tambaye shi abin da ya gani. Ya ce, "Ban ga komi ba. Ban sani ba, kuma ba ni son in sani ta kan ɗiyarka."

Yanzu gwiwoyi sun gaza, ido ya rage, ya ce ƙarshen watan nan zai bar benci. A daidai wannan lokaci ne ake ta maganar manyan motocin haya da za a zuba a gari, da sababbin wuraren tsayawa, har ana cewa za a tashi ƙananan tashoshi irin tamu. Allah ya sa alheri ne. Mun dai sha ganin motar da aka yi wa biki da kiɗa, kafin a yi nisa ta koma bisa duwatsu. A rediyo na ji ana bayanin hanyoyi da inda za a samo kuɗi. Na kasa kunne ko zan ji wanda zai riƙa tambayar yara inda za su sauka, ban ji ba. Babbar mota ma tana yin fayau in ta kusa ƙarshen hanya.

Malam Jelani, kai ne ka yarda a kira ka mai mugun zato don 'ya'yan da ba kai ka haifa ba. Kai ne ka sha zagin masu gaggawa da safe, da yamma ka zauna kana duba fuskokin da suka fita ko sun dawo. Mai gadin da ba wanda ya ɗauka aiki, mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya tsare naka kamar yadda ka tsare namu.

Mu kuma da ke hawa, daga wata mai zuwa ba kowa bisa bencin nan. In kana cikin keke ko mota, ka kai wurin saukarka, ka waiwaya tukuna. In ɗan wani ne kaɗai zai rage, ka koma ka zauna.