Dawar da Kawu Ya Gani a Waya

Wata Juma'a ce bayan la'asar, ana dakon ruwan shuka. Mu uku ne a zauren kawuna a Fammar: ni, da shi, da wani Bafulatani maƙwabcinsa da ke kai masa shanu gona bayan girbi, su ci kara su bar taki.

Kawu ya miƙo mini wayarsa, ya ce tunda aikin rediyo nake yi, in ga abin arziki. Talla ce da ta faɗo masa yana sauraron tafsiri, ta rufe fuskar wayar ruf. Hoton zangarniyar dawa ne mai girman tulu. Na danna alamar rufewa, maimakon ta tafi sai wata murya ta fara magana. Ta yi bisimilla, ta yi salati, ta rantse sau uku cewa wannan iri yana nuna kafin wata biyu. A ƙasa ga agogo yana ƙirga mintocin da suka rage a rufe sayarwa.

Muryar ce ta fi ba ni haushi. An kwaikwayi yadda muke karanta sanarwa, har wurin da muke jan numfashi. Mu kuwa ko cigiyar akuya ba ma karantawa sai mun ga wanda ya kawo ta.

Na ce masa ƙarya ce, hoton ma haɗa shi aka yi. Ya ce yanzu da ake shari'a wa zai rantse da Allah a kan ƙarya? Na ce mai rantsuwar nan babu alƙalin da ya san ƙofar gidansa.

"Ɗan nan, bokon naka ya kai ka daina yarda da rantsuwar Musulmi?"

Bafulatanin ya yi dariya, ya ce in dai dawa ta kai haka, to, sai a tanadi gatarin girbi. Sannan ya tambayi kawu ina kaurar gidan. Ita ce irin dawar da muka gada tun daga kakanmu: kowace kaka a zaɓi zangarniyoyi masu ƙwari, a ɗaure, a rataye a madafa hayaƙi ya tsare su daga ƙwaro.

Kawu ya ce ai sabon iri ya iso tashar Kibiya tun ranar kasuwa, direba ya kawo masa. Tsohon irin kuwa, tunda ba a bukatarsa, ya sa an sussuke an kai inji.

Ya juyo gare ni ya ce, "Tuwon da ka ci ɗazu, shi ne."

Na roƙi ruwa na kurkure baki.

Sabon irin ja ne jawur, yana barin launi a tafin hannu. Aka shuka, ya fito jefi-jefi, ya yi tsawo bai fid da kai ba. Lambar masu tallar ta daina shiga. Da damina ta zagayo, Bafulatanin ne ya kawo wa kawu kwano biyu na kaura, jikar wadda kakanmu ya taɓa ba mahaifin shi Bafulatanin.