Glenys Tranter da Tambayar Taba

Ranar da aka binne Ern Pascoe, bayan an dawo daga maƙabarta, jama'a suka taru a zauren coci ana shan shayi. Matarsa Noeleen tana tsaye gefen tebur, riƙe da kofin da ko kurɓa ba ta yi ba, sai wata mata cikin masu jera furannin coci ta matso, ta dafa mata hannu, ta sassauta murya.

"Huhu ne, ko? Allah sarki. Ko yana shan taba ne?"

Noeleen ta ɗago kai. Sai ta ji wata murya daga bayanta, kakkaura, kamar ana jan tsakuwa a cikin kwano.

"Ƙurar ramin kwal ya sha, shekara talatin da ɗaya, don ki samu wutar dafa shayinki. Miƙo min sukarin nan, baiwar Allah."

Glenys Tranter ce, mai raba wasiƙu. Da rigar aiki ta shigo, ta jingine babur ɗinta a jikin katangar coci. Kuma duk zauren babu wanda ya fi ta sanin gaskiyar magana, domin kowace safiya in ta kawo wasiƙa tana tarar da Ern a bakin ƙofa da karan taba a baki, sau tari ma ita ke ba shi ashana. Ta zuba sukari cokali uku, ta shanye, ta fita. Noeleen ta riƙe wannan alheri a ranta shekara tara.

A nan garin Lithgow aka haifi Glenys, a layin gidajen da ke bayan hanyar jirgi. Ubanta da yayyenta biyu duk ramin kwal suka shiga. Tana shekara goma sha biyar ta bar makaranta ta kama aiki a masana'antar ɗinki, inda ƙarfe goma na safe ake kaɗa ƙararrawar hutun hayaƙi. Haka ake kiran hutun, har yau haka kowa ke kiransa a garin, har fasto. A lokacin, mai shan taba ne ke fita tsakar gida ya sha iska. Wadda ba ta sha, a kan kekenta za ta ci burodinta. Mako biyu Glenys ta yi tana kallon su ta taga, a na uku ta karɓi kara ta bi su.

Ta yi aure, mijin ya tafi arewa neman aiki bai sake waiwayowa ba, ta reni 'yarta ita kaɗai. Shekara ashirin da shida tana kan babur. Ta san sunan kowane kare a garin, ta san tsohuwar da ke jiran wasiƙar ɗanta, takan hau har baranda ta ce, "Yau ma shiru, amma ga ni." Bakinta babu linzami. Coci kuwa sai jana'iza ke kai ta, ta ce don kek take zuwa. Noeleen ba ta taɓa yi mata wa'azi ba, addu'a kawai take sa ta a ciki.

Tana shekara hamsin da bakwai likita ya nuna mata hoton ƙirjinta. Tana fitowa ta jefa kwalin tabarta a kwandon sharar asibiti, ba ta sake taɓawa ba. A bangon wurin ne ta ga sanarwar wata ƙungiya mai taimakon masu ciwon huhu: za a hau dutsen Kosciuszko, mafi tsawo a ƙasar, a watan Maris, duk mai son zuwa sai ya tara wa ƙungiyar wani adadin kuɗi kafin ƙarshen Janairu. Ta rubuta sunanta a tsaye, sannan ta zarce gidan Noeleen.

"Nol, ina neman mai riƙe min bokitin tara kuɗi. Ke fuskarki ta mutanen kirki ce. Ni in na riƙe, cewa za a yi fashi na zo."

Haka suka fara. Kowace Lahadi Noeleen takan je sujadar farko, Glenys ta ce, "Je ki gaida Ubangijinki, ina tasha." Su hau jirgin ƙasa zuwa Katoomba, inda Glenys ke horar da ƙafa da ƙirji kafin ranar hawa dutsen. A can akwai matakala wajen ɗari tara da ke gangarawa cikin wani kwari, wasu na ƙarfe, wasu an sassaƙa su a jikin dutse. Glenys takan goya tsohuwar jakar wasiƙunta, da ƙullin shinkafa a ciki don nauyi, ta sauka, sannan ta hauro. Ranar farko ko kwata ba ta yi ba ta zauna, leɓunanta sun yi shuɗi. Noeleen gwiwoyinta ba sa yarda da matakala, saboda haka a sama take jira, kan benci, da filas ɗin shayi da bokiti a kan cinya. Kafin ta hango hular Glenys takan ji numfashinta, da wani siririn fito a ƙarshensa. Ta san fiton nan. Shekara huɗu ta kwana kusa da shi, a ƙirjin Ern.

"Nawa kika yi yau?"

"Bari... bari in nemo raina tukuna. Na baro shi a ta ɗari uku."

Kafin Kirsimeti, cikin zafin nan da ƙudaje, Glenys ta kai ga sauka har ƙasa ta hauro da hutu shida kacal. Ƙafa da ƙirji sun fara ba da haɗin kai. Bokitin ne ya ƙi.

Noeleen ta daɗe tana riƙe bokiti a garin nan. Ta riƙe don asibitin yara, ta riƙe don 'yan kwana-kwanar daji, ta riƙe don masu ciwon mama. Ba a taɓa tambayarta komai ba, sai dai a jefa a wuce. Wanda ya kifar da mota, ba ta ji an tsaya ana bincike ko gudu yake yi kafin a taimaka wa iyalinsa ba. Amma da zarar mutum ya karanta kalmar huhu a jikin bokitin nan, sai hannun da ya shiga aljihu ya tsaya a can.

"Ko tana shan taba ne?"

A saman matakalan haka, a ƙofar shagon kayan gini inda suke soya naman sosej suna sayarwa a cikin burodi ranar Asabar ma haka. Mutanen da Glenys ta kai wa wasiƙa cikin ruwa da sanyi, su ne ke tauna burodinta suna cewa, "Glen, ba ke ce ke hayaƙi kamar tsohon jirgin ƙasa ba?" Ita kuwa ta ce, "Ni ce. Albasa ko babu?" Abin yakan ci Noeleen har ta kasa cin abinci in ta koma gida.

Wata Lahadi, Glenys tana can ƙasa, wani mutum ya yi tambayar, sai Noeleen ta ji bakinta ya ce, "Don mijina muke yi. Ƙurar rami ce ta kashe shi. Bai taɓa shan taba ba." Mutumin ya zaro takardar kuɗi ya saka. Karo na farko harshenta ya yi nauyi. Kafin karo na goma ya saba. Ranar Lahadi ta roƙi gafara da safe, da rana ta maimaita.

Magana ta kai kunnen Merv Hallam, shugaban kulob ɗin ma'aikata, ya aika a kira su. Ya ce kulob zai shirya liyafa ya cika wa Glenys abin da ya rage. Ya shimfiɗa takardar talla a kan tebur: hoton Ern da hular rami da fitila a goshi, a ƙasa an rubuta, Bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Sunan Glenys yana can gindi da ƙananan baƙaƙe. Abin da ya rage kawai Noeleen ta sa hannu ta yarda a yi amfani da hoton.

Glenys ta kalli takardar, ta kalli Noeleen, wadda ta sunkuyar da kai. Nan take ta gane inda maganar ta fito.

"Merv," ta ce, "kai da Ern ba gwangwanin taba ɗaya kuke sha ba? Har yana ƙorafin ba ka taɓa saye ba."

"Wannan tsohon zance ne. Mutane ba sa bayarwa don mai shan taba, Glen, kin fi ni sani. Ern ya tafi, me zai rasa? Kina son dutsen ko ba kya so?"

"Ranka ya daɗe, ina so. Amma ba mijina ba ne." Ta ɗauki hularta. "Nol, ke ke da hannun."

Merv ya ba su zuwa Laraba. Janairu saura kwana goma sha ɗaya.

Lahadin nan suka koma Katoomba. Glenys ta sauka kwarin, ta daɗe fiye da kullum. Da ta hauro ta zube a kan benci, sai da numfashi ya dawo sannan ta ce, "Ba na jin haushinki. Don ni kika yi. Amma kin san su waye ke zama tare da ni a layin asibiti? Rabinsu sun sha, Nol. Suna ɓoye tarinsu kamar sun yi sata. Akwai wata da ta shekara biyu ba ta gaya wa 'ya'yanta ba, don kada su ce ita ta jawo. In na hau dutsen nan da takardar Merv, na gaya musu ke nan cewa su ba su cancanta ba. Har da ni. Har da Ern ɗinki na gaskiya, mai wari kamar toka."

Noeleen ta yi dariya ba ta shirya ba, sai hawaye ya biyo. Ta tuna yatsunsa biyu da suka rine, ta tuna yadda yake ɓoye kara a bayan kunne in fasto ya zo. Mutumin da ke jikin takardar nan ba ta san shi ba.

Ranar Laraba ta sa rigar cocinta ta tafi kulob ita kaɗai. 'Yan kwamiti bakwai suna zaune. Ita da ba ta taɓa magana a taro ba, ta tsaya riƙe da jakarta da hannu biyu.

"Mista Hallam, ba zan sa hannu ba. Ern ya sha taba shekara arba'in, ni ce na yi ƙarya, Allah Ya yafe min. Ya sha taba, ya kuma sha ƙura, ban san wadda ta fi cin sa ba, likita ma bai sani ba. Ku ne kuka sani?"

"Haba Noeleen, zauna mana..."

"Ba zan zauna ba. Ƙarfe nawa kuke tashi ku sha shayi a nan? Me kuke kiran hutun? Ku faɗa mana. Ku kuka raɗa masa suna, ku kuka koya wa yarinya 'yar shekara sha biyar, a kantar nan taku aka sayar mata shekara da shekaru. Yau tana hawan matakala ɗari tara da rabin numfashi, kuna zaune a kan kujera kuna tambaya ko ta sha!"

Wani ya yi tari, ya yi sauri ya danne. Merv ya naɗe takardarsa ya ce kwamiti zai duba. Har yau yana dubawa.

Janairu ya ƙare kuɗi bai cika ba, sunan Glenys ya fita daga jerin masu tafiya. Abin da suka tara ta aika wa ƙungiyar duka. Ba ta daina zuwa Katoomba ba. A watan Afrilu 'yarta ta kai su Kosciuszko a mota, Noeleen ta zauna a gindin dutsen da filas ɗinta, Glenys ta hau da jakar wasiƙu, babu rigar ƙungiya, babu mai ɗaukar hoto. Rana ta yi sanyi kafin ta dawo, tana dafa kafaɗar 'yarta.

"Kin kai?"

"Na kai. Babu komai a can sai iska, ita ma ba ta ishe ni ba. Zuba min shayi."

Shekara biyu ke nan. Yanzu Glenys tana zaune a barandarta da siririn tiyo a hanci da tukunyar iska a gefe, tana yi wa sabon mai raba wasiƙu tsiya cewa bai iya kwana da babur ba. Noeleen ce ke fita da bokiti ranar Asabar. Ranar da Glenys ta gane ba za ta ƙara iya tsayuwa a ƙofar shagon ba, ita da kanta ta ɗauko bokitin daga bayan ƙofa, ta goge shi da hannun riga, ta ɗora wa Noeleen a cinya.

"Abu ɗaya nake roƙonki, Nol. In sun tambaye ki ko na sha, kada ki kare ni, kada ki kawo zancen ƙura. Ki kalle su ki ce, e, ta sha. Sai ki miƙa musu bokitin, kada ki sauke hannu sai sun rasa inda za su sa idonsu."