Ranar da Turmi ya sa na kira sunan ɗana

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, tsohuwa ce za ta yi magana. Ban yi boko ba. Surukata Rahila ce riƙe da biro, ni nawa baki ne, kuma na ce mata kada ta gyara mini zance.

Yau shekara biyar ke nan da Ubangiji ya ɗauki ɗana na fari a nan Doha, ƙasar Qatar. Ciwon zuciya ne, kwana biyu kacal ya yi a kwance. Daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi na taso don in yi wa Rahila wankan jego, ashe sallama na zo yi.

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Haka na tarar, haka na riƙe. Shekara talatin da takwas "kai wannan" nake ce masa, in kuma zancensa ya taso sai in ce "mutumin nan". Ban taɓa yabonsa yana ji ba. Ya san kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ko dai in ce ina fatan ya sani.

Makaniki ne a wani gareji a Sana'iyya, unguwar masana'antu, kuma shi ke kula da karen gadin wurin, irin wanda Turawa ke kira buldog. Ni karnukan da na sani na farauta ne, sirara masu dogon baki, a jefa musu ƙanzo su wuni a rana. Wannan kuwa gajere ne, ƙirji kamar na ɗan dambe, ƙaton kai, hanci kamar an danne shi da tafin hannu, fuska duk ninki. Ɗana ya sa masa suna Turmi. Yana jan tayar babbar mota da haƙori, amma bai cika haushi ba. Tsayawa yake a bakin ƙofa ya zuba wa baƙo ido, har baƙon ya sake shawara da kansa. Kuma irinsu in sun ba mutum ɗaya zuciya, to sun bayar ke nan.

Ranar da ya kai ni ganin wurin aikinsa, na ga yana goge wa karen nan ninkin fuska da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ya bi da busasshe.

"In ba a share ba gyambo yake yi, Inna," in ji shi. "Ga gajeren hancin nan, ba ya jure zafi. Da sassafe kawai nake fita da shi."

Kafin su taka waje kuwa sai ya durƙusa ya ɗora bayan hannunsa a kan kwalta. In ta ƙone shi, to za ta ƙone tafin Turmi, sai a fasa fitar.

Na ce, "Kai wannan, ko jaririyarka ba ta samun irin wannan gata."

Ya yi dariya ya ce, "Ai ita tana da ke."

Kwana shida da rasuwarsa, abokin aikinsa Malam Isiyaku, mai walda, mutumin Zariya, ya same mu a ɗakinmu na unguwar Najma.

"Inna, karen nan ya ƙi cin abinci. Ya shige ƙarƙashin bencin marigayi, duk wanda ya matso sai gurnani. Mai gareji ya ce in ya kai jibi a haka, shi ke nan, za a kira likitan dabbobi a yi masa allurar da ba a tashi."

Na ce ina ruwana da kare ina cikin makoki? Sai na tuna masu numfashi uku mutumin nan ya bari a garin nan: matarsa, 'yarsa, da wannan. Na yafa mayafi.

Na sami Turmi ya zube, haƙarƙari a waje. Na tura masa kwanon shinkafa da nama, ya nuna mini haƙora. Malam Isiyaku na can nesa, ya tattare rigarsa kada yawu ya taɓa ta.

"Abu ɗaya ke ɗaga kansa," in ji shi. "Sunan maigidansa. Mu mun kira har ya gane ƙarya muke yi. Ke kuwa yadda kike jan magana irin nasa ne sak. Ki gwada."

"Malam Isiyaku, ka san abin da kake roƙo kuwa?"

"Na sani, Inna. Ni ma ɗan fari ne."

Na durƙusa. Na ce, "Yohanna."

Tun da na haife shi ban taɓa jin sunan nan a bakina ba. Turmi ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, ya jira, ba wanda ya shigo. Sai ya juyo ya dube ni, ya jawo jiki a hankali ya ɗora ƙaton kan nan a kan ƙafata. Na sake kira, na kuma sakewa, ina kukan da kunya ta hana ni yi a gaban gawa. Kafin in tashi ya cinye rabin kwanon.

Yohanna, da za ka leƙo yau, me za ka ce? Ina jin dariya za ka fara yi. Malam Isiyaku mai tattare riga shi ke goge wa Turmi fuska yanzu, da safar hannu har gwiwar hannu, yana mita: "Tsaya mana, mummuna, kada ka ja mini wanki." Amma ko sau ɗaya bai taɓa tsallake rana ba.

Turmi ya tsufa, bakinsa ya yi furfura, ya bar jan taya. Gadin ma yanzu daga kwance yake yi a inuwa, kusa da kwanon ruwansa. Rahila na nan a aikinta na nas, ita ke riƙe da mu. 'Yarka Alheri ta shiga makaranta. Duk Juma'a da sassafe nakan kai ta gareji, kuma kafin mu fita da Turmi sai ta durƙusa ta ɗora bayan hannu a kan kwalta. A wurina ta gani, ba ta san daga hannunka abin ya samo asali ba.

Ni kuwa ban koma ƙauye ba. Matan gidanmu in sun ji wannan za su ce na zubar da kunya a ƙasar Larabawa. Su faɗa. Kullum da safe nakan kira sunan nan sau ɗaya kafin in sa komai a baki.

Yohanna. Rahila, rubuta shi da manyan baƙaƙe, ko da ni ba zan iya karantawa ba.