Zanen da Iska Ta Kai wa Bi Zuhura

Yayata Riziki ba ta faɗa da baki. Duk unguwarmu ta Mkomani, a nan Lamu, ba wanda zai ce ya taɓa jin ta ɗaga murya, shi ya sa baƙi ke ɗaukarta salihar baiwar Allah. Ni da nake bi mata na san ta ciki da bai. In ka ɓata mata rai sai ta yi maka murmushi, ta buɗe akwati, ta zaɓo zanen leso wanda habaicin da ke rubuce a gefensa ya dace da laifinka, ta ɗaura, ta zo ta wuce ta gabanka a hankali don ka samu damar karantawa.

Tun da mijinta ya rasu take suyar mahamri, wani irin fanke mai kwakwa, a ƙofar gida kowace safiya, ga wake da aka dafa da madarar kwakwa a gefe. Da wannan kaskon ta aurar da 'ya'yanta, ta gyara rufin gida. Da aurena ya mutu na dawo wajenta, gugar kwakwa ta zama tawa, suya da mulki suka zama nata.

Soron maƙwabciyarmu Bi Zuhura na jingine da namu, mai doguwar ƙafa zai iya tsallakawa. Tun suna makarantar allo suke ƙawance da Yaya, ba bikin da ba su yi anko ba. Abin da ya raba su ko a faɗa kunya ne. Da Bi Zuhura za ta aurar da ɗanta, masu gayya suka bi gida-gida suka tsallake namu, don a ganinta Riziki 'yar gida ce, kuma ba a gayyatar mai gida bikin gidansa. Yaya kuwa ta zauna da sabon zanenta tana jiran a zo a faɗa mata da baki. Ba a zo ba, ita ma ba ta je ba.

Daga nan yaƙi ya koma saman soro. Yaya za ta shanya zane, rubutun na kallon gidan Bi Zuhura: “Wanda ya manta da ni, na riga shi.” Washegari sai a ga amsa tana kaɗawa a igiyar can: “Fushin da ba dalili, mai shi yake ci.” Shekaru aka yi ana haka, masu kantin zane na ta sa musu albarka. Bara sai igiyar Bi Zuhura ta yi shiru, ba abin da ake gani sai tawul da rigunan ciki. Na ce wa Yaya an ce yana ce ta rufe mata ido.

“Yanar me?” in ji ta. “Amsa ce ta ƙare mata.”

Ana haka kusi ta kankama, iskar kudu mai zuwa mana da sanyi. Sanyin namu dai ba ya hana jaki aiki, rana na fitowa lafiya lau, sai dai ba ta da cizo. Amma wannan makon sai ka rantse ƙanƙara ke zuba. Tsofaffi suka fito da kwat ɗin da suka kwana biyu a ƙasan akwati suna warin ajiya, yara suka sa safa cikin silifa, kowa na neman shayi mai citta. Ƙofofi na bugawa, teku ta yi launin ƙasa, ƙananan jirage suka kwanta a bakin gaɓa. Mu kam kakarmu ta yanke saƙa, kafin hantsi kwano ya zama wayam. A makon ne kuma labari ya zo cewa ɗan Bi Zuhura zai zo ranar Juma'a ya tafi da ita Mombasa, za a yi mata aikin idon, kuma daga can za ta zauna wajensa.

Na ce, “Yaya, don girman Allah ki shiga ku yi sallama. Taku nawa ne?”

“Ita ƙafarta ciwo take?”

Da yamma ta fita, ta dawo da sabon leso, ja mai furanni. Na buɗe na karanta, raina ya ɓaci. An rubuta: “Tafi abinki, dama kin tare mini iska.” Na ce mata wannan ba gugar zana ba ce, rashin imani ne. Ta wanke shi, ta turara, ta hau soro ta shanya. Amma na lura daren nan ko tuwon kirki ba ta ci ba, kuma ta zuba wa shayi gishiri a maimakon sukari.

Mai hankali ba ya shanya a makon kusi bai ɗaure bakin zane da igiya ba. Yaya ta sani sarai, amma so take rubutun ya miƙe a karanta daga nesa. Laraba da la'asar muna tsaye iska ta taso daga teku, ta cika zanen, ta ɗaga shi sama, ta juya shi, ta ajiye shi a tsakar gidan Bi Zuhura kamar an aike ta. Yaya ta dafe ƙirji.

“Mwanaidi, je ki karɓo.”

“Ni? Wanda ya haƙa rami shi ke shiga. Ba inda za ni.”

Washegari da safe ƙofar gida cike da masu jiran mahamri, kowa ya ƙudundune, sai surutu ya ɗauke. Bi Zuhura ce tafe tana laluben bango, ta yafa jan zanen nan, rubutun ya fito ɓaro-ɓaro a ƙirjinta. A wajenmu in mace ta aika wa wadda suke gaba da ita zane, sulhu take nema, kowa ya san haka. Kowa kuma ya iya karatu. Dattijo Mzee Kombo mai jaki ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Ni kuwa kunya ta kama ni har cikin ƙashi.

“Riziki,” in ji Bi Zuhura, “na ga saƙo. Ina shinshinawa na ji turarenki da hayaƙin kwakwa, na ce wannan ba na kowa ba ne. Idon nan ya ƙi, jan kawai nake gani. Karanta mini, me kika ce?”

Mahamri na ƙonewa a kasko, na karɓe matsamin daga hannun Yaya. Ta miƙe, ta kama gefen zanen, ta ɗora yatsa a kan rubutun.

“An ce… kada ki tafi.”

“Shi ke nan?”

“An ce ba ranar da ban leƙa soronki ba. An ce amarya ta yi kyau, ta taga na gan ta. An ce shinkafar bikin da kika aiko, wadda na ce na ba kyanwa, ni na cinye ta, kuma gishiri ya yi yawa.”

“Ikon Allah,” in ji Bi Zuhura. “Duk a gefen zane ɗaya? Lallai masu buga zane sun ci gaba.”

Mzee Kombo ne ya fara fashewa da dariya, saura suka bi. Yaya na dariya hawaye na zuba, tana cewa hayaƙi ne, alhali iska ta kwashe hayaƙin tun tuni. Ranar nan ba a sayar da sauran mahamrin ba, su biyu suka shige ɗaki da kwanon, har azahar ana jiyo su suna gardama a kan wa ya fara.

Tafiyar dai ba ta fasu ba, ido ba abin wasa ba ne. Amma ranar Juma'a, iska ta ɗan lafa, Yaya da ba ta taɓa barin kaskonta kwana guda ba ta ɗaure kaya ta ce za ta raka ta, wai surukai ba su iya jinya ba. A bakin jirgi ta ja ni gefe.

“Ki san dabarar da za ki raba ta da zanen nan kafin a buɗe idon. Ta ƙi cirewa.”

Na je na durƙusa kusa da Bi Zuhura, na fara kame-kame, wai zanen bai da kauri, sanyin teku zai kama ta, ga nawa. Ta damƙe shi da hannu biyu, ta jawo kunnena.

“Mwanaidi, bar wahalar da kanki. Tun daren Laraba na sa matar liman ta karanta mini.”

Na saki bakin zanen.

“Na san abin da kanti ya rubuta,” in ji ta. “Zuwa na yi in ji yadda ita za ta karanta.”