Man Shanun Inna da Bangon Rumbu

Ko na manta komai a rayuwata, ban jin zan manta zuwan da na yi Barkiya ina ɗauke da cikina na fari. Yau wanda ke cikin har gemu ya fara tsiro masa, amma in na tuna sai in ga kamar jiya ne.

A Dutsin-Ma muke zaune lokacin. Cikin ƙarami ne, daga ni sai maigidan muka san da shi. Shi ma ba faɗa masa na yi ba, gani ya yi barci ya yi mini yawa, ga gwangwanin da na zuba wa toka ina tofa yawu. Da aka gama girbi sai ya ce in je in yi wa mahaifiyarsa kwana biyu.

Inna, surukar tawa, mace ce mai son mutane. Shanu gare su, kuma a wajenta babu karramawar da ta wuce man shanu. Ranar da na isa ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, ta ɗauko ƙwaryar man da take ɓoyo ta kwarara mini. Ni kuwa a lokacin ba abin da ke tayar mini da zuciya kamarsa. Ina buɗe kwanon na zabura na yi bayan ɗaki da gudu.

Washegari ta dama fura da nono, haka aka sake yi. To ta ina mace za ta dubi idon surukarta ta ce ciki gare ta, na fari ma? Sai dai in sunkuyar da kai in ce na ƙoshi.

A hankali Inna ta rage fara'a. Wata rana da hantsi ina kwance jiri ya hana ni tashi, na ji tana magana da Iya, wato kakar maigidana.

"Iya, yarinyar nan ƙyamarmu take. Ko ruwan randarmu sai ta toshe hanci. Gobe zan sa a kai ta Kurfi ta hau mota, kuma ni na gama gayyatarta."

Na yi kuka ranar. Ina son matar nan, ga shi ina shirin rasa ta, bakina kuma ya ƙi buɗuwa.

Akwai wani abu ɗaya da raina ke so a gidan: bangon rumbu. Jar ƙasa ce mai ƙamshi, in ta sha yayyafin ruwa sai yawuna ya tsinke. Kullum in an tafi rijiya sai in lallaɓa in ɓantari kaɗan in tsotsa. Inna ta ga rami na ƙaruwa, ta ɗora wa wata jar akuya laifi, ta ɗaure ta a turke, baiwar Allah sai kuka take.

Da la'asar ɗin nan na ce bari in yi bankwana da rumbun. Na cika baki ke nan na ji tari a bayana. Iya ce, da sandarta.

"Lalle! Ashe akuyar tamu ɗankwali gare ta."

Ta kama hannuna ta duba tafin, ta ja fatar idona ta leƙa, sannan ta ɗaga murya: "Ke, zo ki kwance dabbar nan, ga mai laifin na kama!"

Inna ta zo ta tsaya tana kallona, leɓena duk jar ƙasa.

"Tsufa ne ya kama ki tun yanzu?" Iya ta ce wa Inna. "Kin manta lokacin da kike da cikin mijin yarinyar nan? Ke da aka haifa a ruga, ba a kaɗa nono sai kin bar gida. Gawayi kika riƙa ci har murhuna ya yi fes!"

Inna ta dafe baki. Ta dube ni, ta dubi rumbun, sai dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, Iya ta zungure ta da sanda: "Kul! Ba a yi wa ciki shela."

"Ɗiyata, ki yafe ni," in ji Inna. "Ashe jinina ne ke wahal da ke."

Nan take ta kwashi ƙwaryar man ta kai maƙwabta, ta dama mini kunun tsamiya. Na shanye kwano guda, ya zauna lafiya lau. Tafiyar gobe ba a sake zancenta ba.

Da na koma gida na fara zuwa awo, ma'aikaciyar ta ce jinina ya yi ƙasa. Ta ba ni magani, ta kuma hana ni cin ƙasa. Iya kuwa har ta koma ga Allah "akuyar rumbu" take kirana. Shi kuma yaron da na haifa, in ba a sa masa man shanu ba, ba ya taɓa tuwo.

Tun daga nan na gane kunya ado ce, amma in ta kai shirunki na ɓata ran wanda ke ƙaunarki, to ki nemi wata tsohuwa ki raɗa mata. Abin da kike jin nauyin faɗa, ita ma ta taɓa tofa yawunsa.