Zoben da Ya Ƙi Fita

Ina zaune a bencin asibiti ina jiran ƙanena, ita kuma tana gabana tana kokawa da yatsarta. Dattijuwa ce kakkaura, hannuwanta duk tabon ƙuna. Ina jin ta daɗe tana tuya a bakin hanya.

Ni ban yi boko ba, amma an ce mini ana dasa wa masu ciwon daji da ke zuwa nan 'yan ƙwayoyin ƙarfe a cikin ƙarin da ya fito musu, sai na'ura mai maganaɗisu ta zafafa su har ƙarin ya ji jiki. Shi ya sa ba a shiga da ƙarfe. Ta cire 'yan kunne da awarwaro, tana dariya.

"Na gama dafa wa duniya, yau ni za a ɗora!"

Zobe ne ya ƙi fita, nama ya rufe shi.

"Mama, ko mu yanka shi, ko layinki ya wuce," in ji nas.

"A'a, 'yar nan. Wanda ya sa mini shi ba zai dawo ya sa wani ba. Miƙo sabulu."

Tana murzawa, tana cije leɓe, dariyar ta ɗauke. Can sai ga shi ya suɓuce. Ta waiga, ba wanda ya rako ta. Ta danƙa mini.

"Baba, riƙe mini. Kar ka gudu."

"Da wannan gwiwar?"

Ta shiga ɗakin na'urar, ƙofa ta rufe. Zoben yana tafin hannuna, da sauran ɗuminsa.